Ƙugin Da Ke Ƙarƙashin Muryarki

Zuwa ga Khaulat, sanyin idona, mai muryar da ta fi ruwan randa daɗi a tsakiyar bazara.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ga muryarki nan na gama gyarawa, wadda gidan rediyon nan na Kaduna suka ce ki tura musu kafin Litinin in kina son aikin karanta labarai.

Kin tuna ranar da muka ɗauka a ɗakina na Sabon Gari, yayata Radiyya tana bakin ƙofa tana yi mana gadi? Ke kika zaɓi Juma'a don ba ki da lacca. Ni ɗan Wudil ne, na san ranar kasuwa ce, manyan motocin shanu za su wuni suna ratsa gari, amma ina ni ina ce miki a'a?

Da na zauna saurare, sai na ji wani ƙugi kwance a ƙarƙashin muryarki. Motocin na fara zargi, na yanke duk inda suka wuce, ƙugi na nan. Na zargi fanka, sai na tuna mun kashe ta muka yi ta haɗa zufa. Bango kuwa na jingina masa katifa, na rataye barguna biyu tun ranar, don kada sauti ya yi amsa-kuwwa. Na canja wayar makirufo, na zare kwamfuta daga caji, na ɗauki tawa muryar don gwaji, ta fito tas. Kwana uku ina wannan fama.

Jiya da hantsi na lura ƙugin yana ƙaruwa ne a ƙarshen kowane labari, daidai inda kike ɗago kai daga takarda ki dube ni. Sai na tuna a ranar, sandar makirufo ta karye, a hannu na riƙe miki shi. Hannuna ne yake rawa, Khaulat. Na'ura ta ɗauki abin da na shekara biyu ina ɓoyewa.

Ba zan rufe miki ba, zuciya ta raya mini in bar ƙugin yadda yake, su ƙi ɗaukarki, ki zauna kusa. Wane irin masoyi ne zai dusashe muryar da yake so? Na goge shi sarai. Duk wanda ya ji ki yanzu zai ɗauke ki, kuma na san hakan na nufin rabuwarki da Wudil.

Roƙona ɗaya ne, farin watana. Ki ba ni izini in tura Kawu Haladu wurin Abbanki kafin Kaduna ta kira ki. In kin ce in jira, zan jira, rediyona a kunne.

Faifan farko da ban gyara ba yana wurina, ba zan taɓa goge shi ba. Shi kaɗai ne muke ciki mu biyu.

Naki, a kusa ko a nesa, har ƙarshen numfashi,
Nu'uman