Sauran Lokacin Baba

Daren Laraba, unguwar Koki

Da safe na koya wa 'yan ajina yadda ake faɗin sauran lokaci da Turanci: saura kaɗan a tashi, saura mako a yi hutu. Suna ta maimaitawa kamar waƙa.

Da la'asar likita ya duba hoton ƙirjin Baba, ya juyo gare ni, ya faɗi watannin da yake ganin sun rage masa, da Turanci sumul. Haushi ya kama ni. A gidanmu ko zancen gobe ba a yi sai an ce in Allah ya kai mu.

Baba ya ce, "Me ya ce, Uwani?"

Na ce, "Cewa ya yi a ci gaba da magani."

Yanzu ina jin tarinsa daga ɗakina. In na lumshe ido sai in gan shi a rumfarsa ta kasuwar Kurmi, ƙanshin jar fata ya cika wurin, yana ɗinka wa jikokinsa takalman sallah, rana ta ƙi faɗuwa.

Ɗazu da na kai masa shayi ya ce, "Gobe ki sayo mini zare, amma kaɗan. Na yi ciniki da Turawa da harshensu tun ba a haife ki ba."