Kaset Ɗin Garayar da Kika Ɓata

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan kina cikin ni'imar Ubangiji. Mu nan Jos lafiya lau, sai sanyin da kika sani, sai kuma kewarki da ta ƙi raguwa.

Dalilin wasiƙar nan kaset-kaset ɗin Baba ne. Kin tuna kwalin da yake turawa ƙarƙashin keken ɗinkinsa a shagonsa na titin Ali Kazaure? Da aka raba kaya ni na ɗauko shi, don babu wanda ya kula. To, jikarki mai sunanki ta taso ni a gaba, wai tana so ta tara kiɗan gargajiya na ainihi a wayarta, da wanne za ta fara? Na ce ta bari in buɗe kwalin kakanta.

Ra'ayin Baba kin fi ni saninsa. Yakan ce gidan da babu kukuma da kalangu, rediyonsa ado ne kawai. Bayan su sai garaya, sai gurmi, sai kiɗan kundung na Birom da wani mai kawo masa ɗinki ya ba shi. Na amada kuwa naki ne, ko da yake kin sha cewa ke ba ruwanki da kiɗa. Mun sha ganin kanki yana kaɗawa kina tankaɗe, mun dai yi shiru ne.

Na kai kwalin wurin wani mai gyaran rediyo a Nasarawa Gwom, ya juye su a memori. Da ya zo kan na garaya, ya ce zaren ya tsufa, da ƙyar zai jure juyi ɗaya. Na gane shi. Shi ne wanda Baba ya daina sawa, ya ce kin ɓata masa, kin danna jan maɓalli garin neman na kunnawa. Har ya rasu yana miki tsiyar nan, mu kuma ba mu taɓa jin abin da ya hau kai ba.

Da ya kunna, garaya tana tsaka da daɗi sai ta yanke. Sai ƙarar tsintsiya, sai tarinki. Inna, sai da na riƙe bencin da nake zaune a kai.

Kin yi mitarki, wai rediyon nan ba ya jin magana. Daga nan kika manta da shi. Ke kaɗai a ɗaki, kina shara kina addu'a ƙasa-ƙasa yadda kika saba. Kika roƙa wa Baba kasuwa. Sannan kika ce Allah Ya tsare miki Kabiru, Ya ba shi sa'ar jarrabawa.

Ni ne ɗan farinki. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinki ba. "Kai" nake, ko "wannan yaron", ko ki aiki ƙanwata ta kira yayanta. Na san kunya ce, haka iyaye mata na layinmu suke yi. Amma ba zan ɓoye miki ba, ina yaro abin ya sha cina a rai. Ashe kin iya faɗarsa, har da ɗan jan ƙarshen nan.

Mai gyaran ya ce zai yanke wurin da ya ɓaci, ya nemo mini garayar da babu surutu. Na girgiza masa kai. Jim kaɗan zaren ya tsinke, amma alhamdulillahi ya riga ya ɗauka.

Na san da kina nan, da kin rufe fuska da mayafi kin ce a goge. Ki yi haƙuri, Inna, ba zan goge ba. Ban da mai gyaran, ban bari kowa ya ji ba, na rufa miki asiri. Sai dai duk sanda na kunna, ko da yake ba kirana kike yi ba, sai in ji na ce na'am.

Allah Ya jiƙanki, Ya haskaka kabarinki da na Baba, Ya haɗa mu a Aljanna inda za ki kira ni in amsa ki ji.

Ɗanki,
Kabiru