Tsohuwar da Take Katse Ni

Bronx, Amurka, 9 ga Maris, 2014

Zuwa ga Baba,

Gaisuwa cikin sunan Yesu. Yaya idon? Ina fatan Yaya Rifkatu tana ɗiga muku maganin a kan lokaci. A gaishe ta da yaran.

Ni lafiya lau. Bayana yana ɗan damuna saboda ɗaga tsohuwar da nake jinya, amma kada ku sa a rai.

Baba, godiya na zo yi. Tsohuwar nan, Mama Odet, ba ta gani, ni nake karanta mata Zabura kowace safiya. Ran farko na zuba da gudu, irin na gasar haddar aya a coci. Sai ta riƙe hannuna ta ce, "Dakata. Wanda ya rubuta wannan, kuka yake ko murna?" Sai na sake duba ayar. Ayar da na ci kyautar bokiti da ita fa!

Nan na tuna haka kuke katse ni ina yarinya, ni kuwa ina ta kumburi. Sai yanzu nake jin abin da nake karantawa. Allah ya saka muku.

Tunda idon ya hana ku karatu, ran Lahadi zan kira in karanta muku. Ku katse ni yadda kuke so.

'Yarku,
Tabita