Ƙahon Marigayi Ambrose

Fagge, Kano.

Zuwa ga Yayana Fatai,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan kana lafiya, kai da Anti Sherifat da su Quadri. Yaya ƙafar? Allah Ya ƙara sauƙi, Ya sa zaman Ilori ya karɓe ka. Mu nan lafiya lau, sai dai tun da 'yata Bisola ta tare a gidan mijinta, gidan ya yi mini girma. Shagon kuwa ba a magana. Yini nake ba wanda zan yi wa musu.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne injin gogen nan namu. Tsohon ya ƙone bayan tafiyarka, na sayo sabo a Sabon Gari, ashe mahaukaci na kawo. Faifan auduga yana gudu kamar ana korarsa. Da na shafa sabulun goge ƙarfe sai ya narke ya fantsama a fuskata, wanda ya rage ya bar baƙin maiƙo a jikin tagulla. Na ƙara sabulu, abin ya ƙara lalacewa. Na karce faifan da tsohon zarto, na canza daga jan sabulu zuwa fari, duk a banza. Kai da kunne kawai kake gane gudun ya yi yawa, ka harare ni ka canza fuli, ƙarfen nan da bel yake juyawa a kai. Ni kuwa shekara da shekaru ina gefenka, ashe surutu kawai nake taya ka.

Ana cikin haka sai ga Madam Veronica, matar marigayi Ambrose, mai busa ƙahon tagulla a cocin nan na Sabon Gari. Ka tuna shi, shi ne mai tsokanarka wai Hausarka ta fi Yarabancinka. Ta kawo ƙahon a naɗe cikin zane, tana so ya yi sheƙi kafin ranar Lahadi da za a yi masa addu'a. Tagullar ta yi siriri, ga sunansa an zana a bakin ƙahon. Ina ɗora shi a faifan ya ɗau zafi har na kusa sakinsa, harafin farko ya fara dusashewa. Na kashe injin na zauna ina kallon kujerarka.

Da ta dawo na nuna mata, ban ɓoye komai ba. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce in ajiye injin in goge da hannu ko da ba zai yi sheƙi sosai ba, kuma kada in taɓa wurin da ya yi duhu kusa da maɓallan, don nan ne yatsunsa suke zama. Haka na yi, da tsumma da ɗan farin sabulu, sunan ya tsira. Jiya ta karɓa ta tafi.

Da na tashi share shago, na zo kan tsohon makunnin injin da ke jikin bango, inda babban yatsanka ya cinye fenti, sai na kasa sa tsumma. Yaya, na yi kewarka ƙwarai. Ɗanka Quadri ya ce zai turo mini girman fulin ta waya. Ka ce masa ya bari. Idan ƙafar ta yi sauƙi ka zo da kanka ka saurari injin nan, ko da kwana biyu ne.

Ka gaishe mini da Anti Sherifat, da Quadri, da Damilola da yaranta. Bisola tana gaishe ku.

Ƙaninka,
Taofeek