Na Sa Mijina Ya Manna Bokitin Katafila a Baibai

Assalamu alaikum mai wannan shafi, da ku masu karatu, manya da ƙanana. A ɓoye sunana, a ɓoye unguwarmu. Wanda ya shirya zagina ya haƙura, na riga shi, kwana goma sha ɗaya ke nan ina zagin kaina. Wanda kuma zai ce ai maganar abin wasan yara ce, ya daure ya kai ƙarshe tukuna. Da yatsana nike rubuta wannan, ban ba kowa ya rubuta mini ba, in kun ga kuskure ku tsallake.

Ni mace ce, na haura hamsin, muna zaune Sabon Birni. Ban taɓa zama aji ba sai da na aurar da ɗiyata ta fari. Ranar da na ɗauki jakar littafi zuwa ajin manya, dangin mijina ba irin dariyar da ba su yi ba. Mijina ne ya tsaya mini. Shi ya sawo mini fensir, shi ya fara kirana Malama, da wasa, har sunan ya bi ni. Na iya karanta Hausa tsaf, na iya lamba, Turanci kuwa sai dai tsintar kalma ɗaya nan, ɗaya can. Amma ban taɓa faɗa mishi iyakar karatuna ba. In ya ce wa baƙi matata har Turanci take karantawa, sai in gyara zama in yi shiru. Ku riƙe wannan, nan laifina ya faro.

Shi kuwa ya yi shekara ashirin da wani abu can arewacin Nijar, wurin haƙar ma'adinai, shina tuƙa katafila. Ba irin wadda kuke gani bakin hanya in ana gyaran kwalbati ba. Tashi da tsani ake hawanta kamar bene, kuma in ji shi bokitinta in ya ɗebo 'yan sau kaɗan ya cika motar da tayarta ta fi mutum tsawo. Duk wanda ya zauna ƙofar gidanmu ya sha labarin katafilar nan har ya ƙoshi. Bara da damina hawan jini ya kayar da shi, ɓarin hagu ya shanye. Allah Ya taimaka baki ya dawo, ƙafa ta dawo da sanda, sai hannu da ya rage da nauyi, ido kuma ya yi rauni.

Ɗiyarmu da ke aikin jinya Sakkwato ita ta aiko da wani kwali a motar haya. Ta ce likita ya ce a ba yatsun Baba aiki. Munka buɗe, sai ga katafilarshi, amma a wargaje: ɗaruruwan 'yan sassa na roba, manne jikin firam kamar ƙayar kifi, kowane da lambarshi, da gam, da fenti rawaya, da littafin da ke nuna yadda ake haɗawa. In an gama za ta kai tsawon kamu ɗaya. Har da wani ɗan mutum na roba, bai kai ƙwayar wake ba. Mijina ya ɗora shi tafin hannu, ya daɗe shina kallo, ya ce, "Malama, wanga ni na." Rabon da in ga haƙoranshi waje tun kafin ciwon.

Munka raba aiki. Kullum da hantsi in na sauke tukunya sai in shimfiɗa tabarma ƙarƙashin dogon yaro, in zube sassan cikin faranti. Ni ke riƙe littafi, in kira lamba, in yanko da abin yankan farce, in goge bakin da reza. Shi ya riƙe da hannun ciwon, ya manna da mai lafiyar. Sarƙar ƙafafunta kaɗai ta ci mu kwana tara, ƙwaya-ƙwaya. Kaza ta taɓa haɗiye mana matakalar tsani ɗaya, na bi ta da muciya har zaure, shi ko shina dariya har da tari. Yatsun da ba su riƙe cokali sunka fara riƙe abin da bai kai tsinke ba. Kuma kafin in kira lamba sau da yawa ya riga ni: "Wanga tankin mai na, bayan ɗakin direba shike zama." In duba hoto, haka ne. Ban taɓa kama shi da kuskure ba. Ko sau ɗaya.

To ranar da munka zo kan hannun katafilar da bokitinta, sai ga ƙanenshi ya shigo. Shi ne shugaban masu yi mini dariya lokacin da na shiga aji, kuma har yau akwai wasan ƙanen miji tsakaninmu, amma nashi da ƙaya ciki. Ya zauna ya miƙe ƙafa ya ce, "Matarmu farfesa, yau mi Turawa sunka ce?" Na ce, "Sun ce a gaida wanda ko sunanshi bai iya rubutawa." Anka yi dariya. Na buɗe shafi. Shafin ba kamar sauran ba ne. An raba shi biyu, hoto hagu, hoto dama, ga rubutun Turanci ƙanana-ƙanana cike da ƙasan shafi. Na tsinci kalma biyu, sauran sunka tsaya mini. A hoton hagu bokitin na kallon ciki, shina jawo ƙasa wajen direba kamar yadda ake ja da fartanya. A na dama shina kallon waje, shina turawa gaba kamar shebur. Ni duk katafilar da na taɓa gani a hanyar Isa irin ta fartanya ce. Sai na aza babban yatsana kan hoton dama, na rufe shi, na fara kiran lambobin hagu.

Mijina ya juya abin a hannu ya ce, "A'a, Malama. Bakin bokitin waje shike kallo. Daga gaba take cin dutse."

Na ce, "Littafi ya ce ciki."

Ya ce, "Shekara ashirin ina zaune samanta. Waje shike kallo, kuma ta ƙasa shike buɗewa shi zubar."

Jama'a, mi zai hana in ce ban gane shafin ba? Kalma nawa ce? Amma ga ƙanen nan ya zuba mini ido shina murmushi, jira kawai shike. Sai bakina ya riga hankalina, na ce, "Malam, kai ka yi karatun ko ni? Ga shi a rubuce." Ƙanen ya kalli wanshi, murmushin ya ɓace, ya sassauta murya ya ce, "Yaya, bar ta. Ciwon ga ance yakan taɓa kai." Ba da mugunta ya faɗa ba, da tausayi ya faɗa, shi ya sa ta fi shiga. Mijina ya miƙo hannu na ba shi gam, ya manna bokitin da kanshi, bakin na kallon ciki. Ya riƙe har ya bushe.

Washegari na naɗe littafin cikin mayafi na tafi gidan malamar da ta koya mana a ajin manya, na ce ta karanta mini shafin. Ta karanta ta ce, "Ai zaɓi anka ba ku. Iri biyu ce. Ta hagu ta haƙa rami ce, ta dama ita ce mai cin dutse daga gaba a wurin ma'adinai, wadda bokitinta ke buɗewa ta ƙasa." Kalmar mijina sak. Har buɗewar ta ƙasa. Na fito gidan na kamo hanya. Kun san abin da na yi da na dawo? Ba wurinshi na nufa ba. Faranti na nufa, na kwashe sassan da sunka rage, na bokitin gaskiya, na zuba cikin gwangwanin madara na cusa ƙasan kwalla. Da ya tambaya, "Ba saura?" na ce ƙari ne, sukan sa don ko wani ya ɓace. Wace irin mace ke yin haka? Ni ce.

Na ɗauka zai wuce. Bai wuce ba. Munka gama fenti, bai ko yi murna ba. Ya ɗora katafilar kan taga ya juya fuskarta bango. Ɗan mutumin nan da ya ce shi ne, bai sa shi ɗakin direba ba, shina nan cikin faranti. Labarin Nijar ya ɗauke ƙaf. Mutumin da ke gyara wa mutane lissafin watanni, yanzu shi ke tambayata, "Malama, yau wace rana?" In faɗa. An jima ya ce, "Na yi azahar kuwa?" Alhali gabana ya yi ta. Ba mantuwa ya yi ba, na sani, tsoro shike ji ya yarda da abin da ya tuna. Ni ko na kasa zama wuri ɗaya. In ɗora tukunya in manta gishiri, in shiga ɗaki in fito ban san abin da na shiga ɗauka ba, in buɗe kwalla in kalli gwangwanin in rufe. Ranar da ya tafi masallacin Juma'a na sa reza na gwada ɓamɓare bokitin, gam ɗin ya ƙi, na yanke yatsa, robar ta fara tsagewa, na bari.

Da iyakar abin ke nan da ban dame ku ba. Ga inda ya kai. Muna da gonar gado wajen Gangara. Shekarun da hanya ta ƙi biyuwa saboda rashin tsaro gonar ta kwanta, anka sare itatuwan da ke kan iyaka, gambar da anka shuka ta shaida ta mutu. Bana mutane sun fara komawa, sai gardama ta tashi tsakanin ƙanen mijina da maƙwabcin gonar, wani dattijon Bafillace da iyayenmu sunka zauna lafiya da nashi. Tun mijina shina yaro, mahaifinshi ya binne duwatsu a kan iyakar, mijina ne ya riƙe mishi kwando, kuma duk waɗanda sunka halarta shi kaɗai ya rage da rai. Ɓangarorin biyu sunka ce ba sai an je gaban alƙali ba, inda mijina ya nuna sun yarda. Anka sa ranar Laraba, har an yi maganar mashin da zai ɗauke shi.

Shekaranjiya dattijon ya zo da kanshi har zaure, ina jin su daga tsakar gida. Mijina ya ce ba za shi ba. Dattijon ya ce, "Haba Malam, kai ne fa idonmu." Mijina ya ce, "Ku nemi wani. Abin da na hau shekara ashirin ban san inda bakinshi ke kallo ba, ni za ni nuna dutsen da anka binne ina yaro? In ci haƙƙin wani in mutu da shi?" Dattijon ya yi ta lallashi, ya tashi ba daɗi. Ƙanen mijina kuwa, da ke wurin, ya fara cewa to shi zai ja iyakar inda ya ga dama. Kun san yadda ƙasar nan take yanzu. Taku biyar na gona tsakanin manomi da mai shanu ba ƙaramar magana ba ce.

Da sunka tafi na kai mishi fura, na zauna gefen tabarma, na ce, "Malam, wata ƙila fa littafin ne ya yi kuskure." Kun ji ni? Har lokacin littafi nike ɗora wa laifi. Ya kalle ni, ba fushi, ya ce, "Littahi bai ciwo, Malama. Ni na yi ciwo." Ya ƙara da cewa, "Allah Ya sa ina da ke. Da ba ki yi karatun ga ba, da ban san kaina ya taɓu ba, da na je na yi shaidar zur." Godiya ya yi mini, jama'a. Godiya! Na tashi da kwanon ban san inda na aje shi ba.

Na san za ku ce ki faɗa mishi mana. Ni ma na sani. Amma ɗiyarmu ta ja mini kunne kada a tayar mishi da hankali, jinin na iya hawa. In na ce mishi na sani tun washegari, na ɓoye, na zuba ido kwana goma sha ɗaya shina tuhumar kanshi, in ya sake faɗuwa fa? In kuma bai faɗi ba, da wane ido zai ƙara kallona, shi da ya tsaya mini gaban danginshi? Kuma gaban ƙanenshi na ƙaryata shi, ƙanen ne ya ce kanshi ya taɓu, ya kuma baza wa dangi. In na faɗa mishi cikin ɗaki mu biyu, ya isa? Ko sai na kira ƙanen nan na buɗe shafin gabanshi, na ɗage yatsana, na ce ban iya ba, ya yi dariyar da ya shekara goma shina jira? Na yi tunanin in ce malamar ta zo kamar gaisuwa ta gano kuskuren da kanta, in fita ba tabo. Amma wannan ai wata ƙaryar ce kan ta farko, ko ba haka ba?

Yau Litinin. Jibi Laraba. Ina rubutun nan gwangwanin na kan cinyata, shi kuma shina can ƙarƙashin dogon yaro, yanzun nan ya kira ni ya tambaya ko ya sha maganin safe. Ya sha. Shi ya tuna mini ma da na manta.

Don Allah, masu hankali cikinku, mi za ni yi?