Ƙafar da Kika Riƙe

Ya Cima, hasken Azarori, inuwar gawo a tsakar rani, ruwan farko a kan shukata! Gaisuwa daga gadon asibitin soji a ƙasar Faransa. Malam Alhusaini na gadon kusa ne ke rubuta mini, in kin ga rubutun ya karkace, dariya yake mini.

Kin tuna ranar da na biyo ki rijiya ina ɗingishi, ina rantsuwa ƙayar aduwa ta shige mini? Kika aje tulu, kika ɗora wannan ƙafa tawa mai faso bisa cinyarki, kika yi ta tono da allura. Wayyo sanyin tafinki! Ni da na kada ƙarti a filin kokawa, sai ga ni ina rawar jiki kamar ɗan akuya a ruwa. Ba ki sami komai ba, ba ki kuma saki ba.

To ji wautar masoyinki. Ranar ɗibar soji a Madawa, samari masu wayo kowa na tari, kowa na jan ƙafa gaban lokotoro, likitan da ke duba mu, don kada a ɗauke shi. Ni kuwa, gwanin ɗingishi, da na hango ki cikin mata sai na buɗe ƙirji, na taka kamar ingarma. Ko duba haƙorana bai yi ba ya ɗauke ni. Akwai wawan da ya kai ni a duk Adar?

Ga maganar da nake ta kewayewa. Harsashi bai ko san da ni ba, balle in zo miki da tabon jarumai. Sanyi ne ya ci ƙafar cikin ƙanƙara, likitoci suka yanke yatsun. Ita dai, ta hagun, wadda kika riƙe. Na yi kuka, Cima, kuma tsoro nake ji. Kokawa ta ƙare, noma sai a hankali. Wanda kika yi wa alkawari da yatsunsa goma ya tafi, ko za ki karɓi abin da ya saura?

In kin ƙi, ba zan ga laifinki ba, ba kuma zan daina sonki ba har a kai ni kushewa. In kin yarda, ki tsaya bakin rijiya, za ki gane ni tun daga nesa. Wannan karon ba sai kin zo da allura ba, riƙewar kawai nake roƙo.

Naki har abada,
Kalla, mai ɗingishin gaske.