Baƙar Waya a Gidanmu na Al-Naseem

Zuwa ga Mudir, shugaban ofishin da ke kula da gidan hayarmu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya da iyali. Yau hankalina a kwance nake rubutu, ba kamar makon jiya ba.

Na ɗaya. Matata Rabi tana ɗinki a ɗakin baya. Keke biyu da dutsen guga sun fi ƙarfin layin, sai na nemi ofishinku ya turo ma'aikaci ya sa mana ƙaramin akwatin wuta, wanda kuke kira tablon. Sau huɗu na zo, sau huɗu aka ce mini “bukra”. Na yi mako uku ina jiran goben nan taku.

Na biyu. Da na gaji, na kira Malam Sani, ɗan garinmu, wanda ya daɗe yana aikin wuta a Kano. A can ƙasarmu, jar waya ce mai wuta, baƙa ba ta ɗauke da komai. A tsohon ginin nan naku kuwa baƙar ce mai wuta, kuma babu rubutu ko ɗaya a babban akwati. Ya haɗa yadda hannunsa ya saba. Gaggawa laifina ce, ban musa ba.

Na uku. Ranar Talata da hantsi Rabi ta dafa ƙarfen keken, wuta ta jefar da ita jikin bango. Allah ya sa takalmin roba ne a ƙafarta. Wani dattijon ma'aikaci daga unguwar Batha ya zo ya gwada kowace waya, ya sake haɗin, ya sa makunni mai yanke wuta da kansa. Shi ya nuna mini ginin gaba ɗaya ba shi da wayar ƙasa, wadda ke zuƙe wutar da ta ɓalle zuwa cikin ƙasa. Wannan kam naku ne, ranka ya daɗe.

Roƙona: a ja wayar ƙasa, a rubuta sunan kowane layi, a kuma daina sallamar mai neman gyaran wuta da “bukra”. Iyali shida ne a ginin, yawancinmu mutanen jar waya.

Allah ya tsare ka da naka. Rabi ta koma kan kekenta, alhamdulillahi, sai dai har yau da bayan hannu take fara taɓa shi.

Wassalam,
Mai haya a hawa na biyu.